Ɗan Maraɗi a ƙarƙashin teku: abin da ke kai shi da abin da ke fito da shi lafiya

Daga Maraɗi zuwa bakin teku, ko ta Kwatano aka bi ko ta Legas, tafiyar mota ta haura kilomita 1,000. Ruwan da muka tashi muka sani shi ne Gulbin Maraɗi, mai cika da damina ya ƙafe da rani, sai tabkin Madarunfa, sai kududdufan da iyaye ke hana yara zuwa. Shi ya sa in aka ji ɗan gari ya goya tulun iska ya shiga ƙarƙashin teku, wasu su ce ganganci ne, wasu su ce kuɗi ne suka yi masa yawa, masu tausasa harshe su ce jarumi ne. A ganina babu wanda ya dace a cikinsu. Nutso da tulu aikin mai natsuwa ne, mai lissafi, kuma abin da ke sa mutum ya kamu da sonsa shi ne dai ke fito da shi da rai, wato numfashi a hankali.

Abin da ke fara kama zuciyar mai koyo shi ne yadda nauyi ke ɓacewa. A kan jirgin ruwa kayan da ke jikinsa sun kai kilo 20 ko fiye, yana tafiya yana tangaɗi, zufa na zuba cikin rigar roba. Da ya sauka mita goma, in ya daidaita kayansa yadda ya kamata, sai ya tsaya cak a tsakiyar ruwa, ba ya nutsewa ba ya tasowa, ƙafa ba ta taɓa komai, hannu ba ya riƙe da komai. In ya ja numfashi ya cika huhu, bayan daƙiƙa biyu zai ji jikinsa ya ɗan yi sama; in ya fitar, ya ɗan yi ƙasa. Da huhu kaɗai ƙwararre ke tsallake dutse ya gangara bayansa. Mai garaje ba ya samun wannan, domin yana ta fafutuka da hannu da ƙafa, yana shanye iskarsa, yana tayar da yashi, kifaye na gudunsa. Sai wanda ya lafa ruwa ke buɗe wa ƙofa.

Ana cewa ƙarƙashin ruwa shiru ne, amma ba haka abin yake ba. Babu waya, babu ihun ƴan kabu-kabu, babu mai yi maka magana, wannan gaskiya ne. Amma akwai ƙarar numfashinka, shigarsa da sauti siriri, fitarsa da gurgurar kumfa, akwai kuma ƙas-ƙas ɗin kifin nan mai baki irin na aku yana gatsar murjani yana niƙewa, daga baya ya fitar da shi farin yashi. Sauti ya fi gudu cikin ruwa sau huɗu da wani abu bisa yadda yake gudu a iska, don haka kana jin injin jirgi sarai amma ba ka iya cewa ga inda ya fito.

Wanda ya iya tsayawa wuri guda zai ga abin da mai yawo ba zai gani ba. A duwatsun murjani na Bahar Maliya akwai wani ɗan kifi da bai wuce tsawon yatsa ba, mai baƙin layi daga baki zuwa wutsiya, yana da wurin zamansa da ba ya canzawa. Manyan kifaye, irin masu haɗiye kamarsa a loma ɗaya, su ke zuwa su tsaya gabansa, su buɗe baki, su ɗaga marfin kumatu. Shi kuma ya shiga cikin bakin yana tsince ƙwari da matacciyar fata tsakanin haƙora, ya fita ta kumatu, ya dawo. Wani babban yana gefe yana jiran layi. In babban ya gaji, sai ya ɗan girgiza, ɗan ƙaramin ya fito a guje kafin a rufe baki. Minti biyar a gaban wannan ya ishi mutum tasbihi na mako guda. Launuka kuma suna da nasu al'ajabin: ja ne ke fara ɓacewa tun wajen mita 5, har jini in ya fito a zurfi kore-kore yake bayyana, amma da ka haska tocila sai launin ya dawo. Gilashin fuska yana ƙara wa komai girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, shi ya sa labarin girman kifi a bakin sabon mai nutso sai an rage masa.

Duk wannan ya samu ne saboda wata ƴar na'ura da Bafaranshe Jacques Cousteau da injiniya Émile Gagnan suka haɗa a 1943. Gagnan ya riga ya ƙera irinta don motoci masu aiki da gas lokacin ƙarancin fetur na yaƙin duniya na biyu. Aikinta ɗaya ne da na kan tukunyar gas ta girki: a ciki matsi mai yawa, a waje abin da ake buƙata kaɗai. Hawa biyu gare ta. Na farko yana ɗaure a bakin tulu, yana sauko da matsi daga bar 200 (bar ma'aunin matsi ne) zuwa kamar bar 10 bisa matsin ruwan da ke kewaye. Na biyu shi ne wanda ke baki, yana ba ka iska daidai da matsin zurfin da kake, kuma sai ka ja yake bayarwa. Akwai bakin shaƙa na biyu mai launin rawaya don abokin da iskarsa ta ƙare, da agogon da ke nuna abin da ya rage a tulu, da tiyon da ke hura falmaran ɗin da ake ɗaura tulun a bayanta.

Mutane da yawa suna zaton oksijin ne a cikin tulun. Iska ce irin wadda muke shaƙa, kashi 21 oksijin, kashi 78 nitirojin, an tace ta, an busar, an matse. Tsantsar oksijin guba ce in an wuce mita 6, tana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma mai jijjiga a ruwa bakin shaƙa ne ke fara fita daga bakinsa. Nan ne ya kamata mai dabara irin tamu ya ja birki. Injin mai faci ba ya cika wannan tulu, matsinsa bai kai ko kusa ba, kuma iskarsa cike take da tururin mai. Ko injin da aka yi don wannan aiki, in aka ajiye bakin zuƙarsa kusa da hayaƙin janareto, hayaƙin zai shiga tulu. Gubar hayaƙin da ba ta fi ciwon kai ba a sama, a mita 30 sau huɗu kake shaƙar ta a kowane numfashi. Ita ce dai gubar da ke kashe masu yasar rijiya in an saukar da injin ban ruwa cikin rami. Kafin a shiga ruwa a buɗe tulu a sansana. In akwai warin mai ko ɗanɗano a harshe, a canza.

Lissafin gaba ɗaya a kan abu guda ya tsaya. A bakin teku iskar sama na danne mu da bar 1. Kowace mita 10 ta ruwa tana ƙara bar 1: a mita 10 bar 2 ke nan, a 20 bar 3, a 30 bar 4. Daga saman ruwan ake ƙirgawa, don haka rijiyar da zurfinta ya kai mita 40 amma ruwanta mita biyu ne, matsin mita biyu ke gare ta. Haɗarinta na gurɓatacciyar iska ne da rushewa. Robert Boyle ya nuna tun 1662 cewa in matsi ya ninka, girman iska raguwa yake da rabi. Ka sauka da gorar roba wadda ba komai ciki sai iska, a rufe, zuwa mita 10, za ka gan ta ta lotse rabi. Ka buɗe ta a can ka hura mata iska ta cika ka rufe, in kun taso sai ta kumbura kamar ta fashe. Kunne, da huhu, da gilashin fuska, da falmaran, duk wannan doka suke bi. Kuma a lura, canjin ya fi tsanani a mita goman farko, inda sabon shiga ke ganin ai bai yi nisa ba.

Tulu mai lita 12 da aka cika zuwa bar 200 yana ɗauke da lita 2,400 na iska. Mutum matsakaici yana shan kamar lita 20 a minti a sama. Ba a taɓa bar 50 na ƙarshe, ajiya ce, saura bar 150, wato lita 1,800. A mita 10 kana shan lita 40 a minti, tulun zai kai ka minti 45. A mita 20 lita 60, minti 30. A mita 30 lita 80, minti 22 da ɗan kai. Tsoro, sanyi, ko iyo gaba da igiyar ruwa suna iya ninka wannan sha, shi ya sa ake ganin ƙato majiyi ƙarfi ya koma jirgi bayan minti ashirin, tsohuwa mai shekara sittin ta fito bayan awa guda da sauran rabin tulu. Iskar ma tana da nauyi: cikakken tulu ya fi wanda ya ƙare da kusan kilo 3. Wanda ya ɗaura dalma, wato nauyin da ke taimaka masa nutsewa, daidai-wa-daida da cikakken tulu, a ƙarshen nutso zai ji ruwa na tura shi sama a daidai lokacin da ya fi buƙatar tsayawa. Gwajin dalma a saman ruwa ake yi: a fitar da iskar falmaran duka, a riƙe numfashi na al'ada, ruwa ya tsaya daidai ido, in an fitar da numfashi a nutse a hankali. In da cikakken tulu aka gwada, a ƙara kilo biyu. Ruwan gishiri kuma ya fi ɗaga mutum, wanda ya koya a tafkin iyo zai buƙaci ƙarin kilo biyu zuwa uku a teku.

Kunne ne ke fara kawo ƙara. Bayan dodon kunne akwai ɗan ɗaki mai iska, da siririyar hanya zuwa maƙogwaro. Ruwa na dannawa daga waje, kai kuma dole ka tura iska daga ciki: ka toshe hanci da yatsu biyu, ka hura a hankali har ka ji ɗan ƙas a kunnuwa biyu. Tun daga sama ake farawa, a maimaita kowace mita, kafin ciwo ya zo. In ya riga ya zo, hanyar ta matse, hurawa da ƙarfi ɓarna za ta ƙara. A tashi mita ɗaya a sake gwadawa. Mai taurin kai da ya ci gaba dodon kunnensa zai fashe, ruwa mai sanyi ya shiga, jiri ya ɗebe shi har ya kasa bambanta sama da ƙasa. Mai mura ba ya nutso, kuma wanda ya taso daga nan cikin hunturu da ƙurar buji a hanci ya san da wannan. Maganin buɗe hanci dabara ce mai cin amana, domin in ƙarfinsa ya ƙare kana ƙasa, iskar da ta shiga ba ta samun hanyar fita lokacin tasowa.

Doka mafi girma kuwa ta ci karo da duk abin da ɗan bakin tabki ya koya tun yana yaro: ba a riƙe numfashi, ko kaɗan. Masuncin Madarunfa da ke nutsawa ya kwance tarunsa da ya sarƙe yana cika huhu a sama, ya sauka, iskar ta matse, ya taso ta koma yadda take, babu abin da ya same shi. Mai tulu kuwa a ƙasa ya cika huhunsa, da iska mai matsin ƙasa. In ya riƙe ta daga mita 10 zuwa sama za ta nemi wurin da ya ninka huhunsa biyu, kuma huhu ba ya jin zafi balle ya yi gargaɗi. Yagewa yake, kumfa ya shiga jini ya tafi ƙwaƙwalwa. Wannan na iya faruwa a ruwan da bai wuce mita biyu ba. Saboda haka gwanin nutso na gargajiya ya fi wanda bai taɓa shiga ruwa ba haɗari a ranar farko da aka goya masa tulu, don jikinsa ya saba da abin da aka hana. Ko bakin shaƙa ya fita daga baki, ana ci gaba da sakin ƴan kumfa har a mayar da shi.

Sai nitirojin, wanda jiki ba ya amfani da shi amma yake jiƙewa cikin jini da tsoka gwargwadon zurfi da daɗewa. In aka taso a hankali yana fita ta huhu ba tare da an sani ba. In aka yi sauri sai ya zama kumfa a cikin jiki: ciwon gaɓoɓi musamman kafaɗa da gwiwar hannu, ƙaiƙayi da borin fata, gajiya marar dalili, mutuwar ƙafa, riƙewar fitsari, har shanyewar jiki. Paul Bert ne ya gano musabbabin a 1878, John Scott Haldane kuma ya fitar da jadawalin tasowa na farko a 1908. A jadawalin PADI, ƙungiyar koyar da nutso, iyakar zama a mita 18 minti 56 ne, a mita 30 minti 20, a mita 40 minti 9 kacal. Yau kwamfutar da ake ɗaurawa a hannu ke wannan lissafi, amma wanda bai san jadawali ba bai san abin da take gaya masa ba. Ana tasowa kamar mita 9 zuwa 10 a minti, a tsaya minti 3 a mita 5, sannan a ƙarasa a hankali. Daga wajen mita 30 kuma nitirojin na sa maye: mutum ya dubi agogo ya kasa fahimtar lambar, ko ya yi ta murna ba dalili. Maganinsa a tashi ƴan mitoci, nan take yake washewa.

In alamun ciwon sun bayyana bayan an fito, a kwantar da mutum, a ba shi tsantsar oksijin, a ba shi ruwa in yana cikin hayyacinsa, a nufi asibitin da ke da ɗakin matsi, inda ake saka mutum a ƙara masa matsin iska don kumfar ta narke. Kada a mayar da shi ruwa da sunan gyara. Ƙarancin ruwa a jiki na ƙara haɗarin, don haka ni ban ga hikimar haɗa nutso mai zurfi da azumi a rana ɗaya ba.

Akwai tambayar da ta fi shafar mu fiye da Turawan da suka rubuta littattafan koyarwa, ita ce ta amosanin jini. Mai sikila ba ya nutso da tulu, domin sanyi, da wahala, da ƙarancin ruwa a jiki su ne ainihin masu tayar da ciwon. Wanda yake ɗauke da rabin ƙwayar ya gaya wa likita kafin ya sa hannu a takarda. Haka mai farfaɗiya da mai juna biyu ba sa shiga; mai asma, da mai ciwon zuciya, da mai ciwon sukari sai likitan da ya san harkar ya duba su. Ɓoye ciwo a takardar tambayoyi don kada kuɗin tafiya su tashi a banza, kai ka cuta ba makarantar ba.

Koyo sai an yi tafiya, amma shirin a gida ake fara shi. Makarantun PADI, ƙungiyar da aka kafa a Amurka a 1966, suna gwada mutum da iyon mita 200 ba tsayawa da zama a saman ruwa minti 10, kuma wannan a tafkin iyo na otal ake iya koyonsa, a nan ko a Yamai. Kwas ɗin farko kwana uku zuwa huɗu ne: karatu, darussa biyar a ruwa marar zurfi, nutso huɗu a teku, takardar ta ba ka izinin mita 18. Tsarin CMAS, wata ƙungiyar nutso da aka kafa a Monako a 1959, shi ya fi yawa a ƙasashe masu Faransanci, kuma ana samun masu koyarwa a Dakar. Amma ga mutanenmu Bahar Maliya ta fi kusa da hanya: Jidda na bakinta, Masar na da Hurgada, Dahab da Sharm el-Shek, inda ruwa ke da ɗumi, ana hango mita ashirin zuwa talatin, akwai kuma ɗakunan matsi. Can ne jirgin Ingila Thistlegorm yake kwance tun 1941 a zurfin kusan mita 30, da babura da motoci jere a cikinsa, sai dai wannan ba na mai takardar farko ba ne. Wanda zai haɗa da tafiyar Umra ko ta kasuwanci ya duba tikitinsa: bayan nutso ɗaya sai an yi awa 12 kafin a hau jirgin sama, bayan nutso da yawa awa 18 aƙalla, domin matsin cikin jirgi bai kai na ƙasa ba, sauran nitirojin na iya kumfa a sama.

A darasin farko abu biyu ke ba sabon shiga wahala. Ɗaya fitar da ruwa daga gilashi: a danna samansa a goshi, a ɗaga kai, a hura ta hanci, iska ta kori ruwan ta ƙasa. Mai gashin baki zai sha yoyo sai ya rage ɗan layin da ke ƙarƙashin hanci. Na biyu alamar hannu. Ɗaga babban yatsa a ruwa ba ya nufin lafiya lau, yana nufin mu tashi, kuma duk wanda ya ba da ita ba a yi masa gardama. Lafiya lau zobe ne da babban yatsa da manuniya. Tafin hannu ana karkaɗawa, akwai matsala. Hannu yana yanka wuya, iska ta ƙare. Ba a nutso shi kaɗai, kuma tazarar da ke tsakaninka da abokinka kada ta wuce wadda za ka iya ci da numfashi ɗaya.

Wanda ya dawo da takarda zai ji sha'awar gwada ruwan gida, ko a roƙe shi ya nemo wanda ruwa ya ci, musamman a shekarar ambaliya irin 2024. Takardar farko ba ta wannan ba ce. Ruwan gulbi da damina ba ka ganin tafin hannunka a ciki, yana tafe da itace, da waya, da tsohon taru, ga ƙarfin gudu; aikin ƴan kwana-kwana ne masu horo, da igiya da mai riƙe ta a baki, da wuƙa biyu. Ruwan kwance kuma yana da tsargiya. Ƙari a kan haka Maraɗi ta haura mita 300 bisa teku, inda jadawalin bakin teku ke buƙatar gyara.

Game da sayen kaya, gilashin fuska kaɗai ya cancanci a fara mallaka, domin kowace fuska da nata: a ɗora shi ba tare da igiya ba, a ja iska ta hanci, in ya manne bai faɗi ba ya dace. Sai kwamfutar hannu in da hali. Tulu da dalma haya ake yi a can, babu mai ɗaukar su a jirgi. Wanda ya sayi na'urar shaƙa ya kawo ta nan, zafi da ƙura ne abokan gabarta. A wanke ta da ruwan daɗi bayan an rufe bakin hawan farko da murfinsa, kada a danna maɓallin hurawa tana cikin ruwan wanki, ta bushe a inuwa, a ajiye ta cikin akwati tiyo a sake ba a lanƙwashe ba, nesa da fetur da hasken rana. Zoben robar da ke cikinta bushewa yake ya tsage ko ba a yi amfani da ita ba, don haka in ta shekara a ajiye, a kai ta wurin mai gyara a buɗe ta kafin ta sake shiga ruwa.